Ƙofar Da Ba Mu Taɓa Ba

Wannan makon fili namu ne, kuma labarin ƙofar mota muka zo da shi. Wanda ya saba karanta soyayya a nan ya yi haƙuri da warin gires na ɗan lokaci.

Mu uku ne maza a gidanmu, sai mace ɗaya, autarmu. Abbanmu ya rasu ya bar gida, da littattafai kwali biyar, da wata farar Peugeot 504 wadda kowa a unguwa ke kira Fijon Malam. Ƙirar 1984 ce, ya saye ta a hannun wani tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. Bayan rasuwarsa shekara bakwai ta yi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, yara na rubuta sunayensu a ƙurar gilas. Duk ranar da aka zauna maganar gado sai Baffa, ƙanen Abba, ya kawo zancenta: a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin kowa ya huta. Ba mugunta ba ce, yana da gaskiyarsa. Ƙarfe ne ke ruɓewa a banza, kuma a cikinsa akwai haƙƙin mace da marayu. Umma ba ta taɓa cewa a'a ba, ba ta kuma taɓa cewa to ba. Iyakarta ta ce, "A bari tukuna."

Da aka sa ranar auren autar, makon ƙarshe na watan Agusta, sai babbanmu ya ce a gaban Baffa a motar Abba za a kai ta ɗakinta. Bai yi shawara da kowa ba, bakinsa ne ya riga shi. Baffa ya yi murmushi ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a. Amma in ranar ta zo ba ta tashi ba, kada in ƙara jin a bari tukuna." Washegari Umma ta kira ƙaraminmu, don ita ba ta yi wa ɗan fari magana kai tsaye, ta miƙa masa kuɗin adashinta na zagaye guda. Ta ce, "Ka kai wa yayanka. A gyara da kyau."

Ƙananan cikinmu a nan ba lalle su san matsayin 504 a wajen iyayenmu ba. A Faransa aka fito da ita a 1968, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci tseren Safari na Kenya. A wannan shekarar ta 1975 ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki, kuma 504 ce motar da ta fi yin suna da ita. Turawa sun daina yayinta tun cikin shekarun 1980, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, ita ce doguwar wagon ɗin da ke lodi a tasha daga Kano zuwa Kaduna, zuwa Maiduguri, zuwa Maraɗi. Shi ya sa har gobe in ka shiga Ƙofar Ruwa da haƙuri, rumfa zuwa rumfa, za ka haɗa rabin 504.

Inji da birki muka bar wa bakanike. Bodi da fenti muka kai wa wani dattijo mai gareji a bayan unguwarmu, wanda ya san Abba. Cikin ƙofofi kuwa muka ce wannan namu ne. Kuɗi muke so mu rage. Kuma, a faɗi gaskiya, akwai ɗan ji da kai: ɗayanmu na da diflomarsa ta kwalejin kimiyya da fasaha, ɗayan ya kalli bidiyo uku a YouTube, sai muka ga ai an gama.

Wanda bai taɓa buɗe cikin ƙofar mota ba zai ɗauka dunƙulallen ƙarfe ce. A'a, akwati ce mai fanko. Akwai fatar waje wadda ake fentawa tana sheƙi, akwai ƙarfen ciki, a tsakaninsu kuma gilas ke nutsewa in an sauke shi, tare da injin ɗaga shi, da makulli, da siraran sandunan da suka haɗa mariƙi da makullin. Ƙarfen cikin an yi masa manyan ramuka, wasu hannu na shiga har gwiwa, don ta nan ake bi a kai ga waɗannan kayan in sun lalace. Abin da fasinja ke gani ya jingina a kai allo ne kawai na kwali mai tauri, dangin wanda ake yin silin da shi, an lulluɓe shi da fatar roba an maƙala shi da ƙananan kilif a gefe-gefe.

Cikin watan Afrilu, da motar ta dawo daga fenti, muka hau aiki. Muka cire hannun ɗaga gilas da madogarar hannu, muka sa sukudireba muka ɓanɓare allon. Kilif suka yi ta karyewa ƙas, ƙas, muna dariya. A bayan allon sai muka tarar da wata leda, ta yi rawaya ta yayyage nan da can, an manne ta a jikin ƙarfen da wani baƙin danƙo mai kama hannu. Muka kalli juna. Ɗayanmu ya ce ai irin ledar da ake bari a jikin sabuwar kujera ce, mantawa aka yi ba a cire ba. Nan take muka yarda da shi, don maganar ta zo daidai da abin da muke so. Muka fizge ta muka cusa a buhun shara.

Kuskure na biyu ya fi na farkon ciwo, domin shi sai da muka zauna muka yi nazari. Da muka leƙa ƙasan ƙofar muka ga wasu ƙananan ramuka a jere, dogaye kaɗan, rabinsu ya cushe da ƙasa da busasshen ganyen darbejiya. Muka share su tas. Mutumin Kano kuwa abokin gabarsa ƙura ce. In hunturu ya kama har cikin tukunyar miya take shiga. Muka ce ta nan take bi, ga shaida ma mun kwaso da hannunmu. Muka sayo silikon irin na masu haɗa tagar alminiyam, muka toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya, muka shafe da yatsa ya yi sumul. Har hoto muka ɗauka.

Ƙofa uku muka yi wa haka. Ta huɗun, ta baya hannun hagu, allonta bai lalace ba, gilas ɗinta na hawa da sauka lafiya, ga kuɗi sun ja baya, sai muka goge ta da sabulu muka ƙyale ta. Mai kushin ya yanka mana sabbin alluna uku, ya lulluɓe su da fata ruwan ƙasa wadda ta kusa sajewa da tsohuwar. Sa'anmu ne, kuma yana da hannu. Ranar da muka maƙala su motar ta yi kyan da sai da Baffa ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa bodin da ɗan yatsa, bai ce komai ba.

Ruwan watan Yuni bai tona komai ba. Cikin Yuli aka yi wani mamako na kwana biyu. Da safe muka buɗe ƙofar direba sai muka ji tana kaɗawa kamar jarkar da ba ta cika ba. Muka ce ko kunnenmu ne. Kafin mako ya zagayo motar ta fara wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ƙasan allunan ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, fatar ta fara saki, funfuna ta yi fari-fari a gefe.

Niyyarmu mu ɓoye har mu san abin yi. Sai ranar Juma'a Umma ta ce a kai ta gidan ƙanwarta kan maganar kayan ɗaki. Rabonta da motar tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti babu mai ita. Ta zauna a gaba, mazauninta na da, ta jingina da ƙofa yadda ta saba. Da muka isa ta fito, gefen mayafinta da zanenta sun jiƙe sun yi jirwaye ruwan ƙasa. Ta duba, ta kaɗe, ta gyara mayafin ya rufe wurin. Ba ta tambaya ba. Da ma faɗa ta yi, da ya fi mana sauƙi.

A daren nan muka samo mai laifi, don mutum uku in suka haɗa kai ba sa rasa wanda za su ɗora wa. Mai kushin ne. Ruɓaɓɓen kwali ya sa mana ya ci kuɗin marayu. Haka muka aika wa Umma ta bakin ƙaraminmu. Washegari muka je shagonsa, a gaban yaransa da masu jiran aiki muka faɗa masa maganganun da ba za mu maimaita a nan ba. Ya yi ta rantsuwa, ya jawo ragowar allon da ya yanki namu a jiki ya nuna mana. Ba mu saurara ba. Da ya gaji ya ce, "Ku kai wa duk wanda kuka yarda da shi ya duba. In laifina ne zan sake muku kyauta."

Wajen dattijon nan mai gareji muka nufa, shaida muke nema. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya tashi ya kama ƙofar direba ya girgiza ta. Ya durƙusa ya shafa ƙasanta, ya ce a ba shi ƙusa. Da ya soka ta cikin silikon ɗin ya murɗa, sai ruwa ya tsinke, ja mai wari, ya yi ta zuba a kan takalminsa har ya yi ɗan kududdufi.

"Wa ya toshe wannan?"

Shiru.

"Ku 'ya'yan Malam, da ku nake."

"Mu ne, Baba. Saboda ƙura."

"Ledar fa?"

"Wace leda, Baba?"

Bai amsa ba. Ya zagaya wajen ƙofar da ba mu taɓa ba. Ya naɗe wani faffaɗan ƙarfe da tsumma, ya riƙa lalubar inda kowane kilif yake, ya sa ƙarfen dab da shi ya ɗaga a hankali. Ko ɗaya bai karye ba. Da ya sauke allon ya juya mana bayansa, a bushe yake ƙayau. Ledarta na nan cif, ta yi rawaya amma ba ta huje ba, baƙin danƙon ya zagaye ta babu inda ya yanke. Ya ce, "Wannan tun Kaduna ba wanda ya buɗe ta." Da muka matso sai muka ga shatin babban yatsa a jikin danƙon, a jere, tazarar kamar taƙi-taƙi. Wani ma'aikaci ne ya bi yana dannawa, shekara arba'in ke nan. Ƙaraminmu ya ɗora nasa yatsan a kan ɗaya. Na mutumin ya fi nasa faɗi.

Dattijon ya ce a kawo buta. Ya ɗaga kusurwar ledar ta sama kaɗan, ya ce mu haska da waya, sannan ya tsiyaya ruwa a kan gilas daga waje. Muna kallo ruwan ya sulale ta ƙarƙashin robar bakin gilas, ya bi jikin gilas ɗin, ya ɗiga daga ƙasansa a kan injin ɗagawa, ya fantsama ya bugi ledar, ya gangara. Can sai ga shi yana ɗiga a ƙasa ta wani rami ɗaya da bai gama cushewa ba.

Ya ce, "Samari, ƙofa ba ta hana ruwa shiga. Ba a yi ta don haka ba. Gilas ɗin da ke hawa yana sauka, wace roba ce za ta riƙe shi ta hana ɗigo wucewa? Wanda ya ƙera ta ya san zai shiga, sai ya yi masa hanyar fita. Kun taɓa ganin soron da aka toshe wa indararo don gudun ƙura?"

To, a nan muka gane aiki biyu ne muka rushe. Ramukan ƙasa su ne mafitar ruwa. Ledar kuma ita ce katanga tsakanin ɓangaren da aka yarda ya jiƙe da ɓangaren da ba a yarda ba, tana rufe manyan ramukan nan don fantsamin ruwa da danshi kada su kai ga kwalin. Mu muka rushe katangar, muka kuma toshe mafitar. Ƙari a kan haka, irin silikon ɗin da muka sa, mai warin tsami in yana bushewa, asid yake saki, kuma asid ɗin na taimakon tsatsa a jikin ƙarfen da fentinsa ya ƙarce. Wato har abinci muka kai mata.

Muka ce, "Baba, daga ina za mu fara?" Ya ce, "Daga shagon yaron nan."

Sai da muka bari aka yi sallar isha'i, shago ya watse, sannan muka je. Muka ba shi haƙuri. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na yafe. Amma kuɗin aiki na nan." Ba mu ja ba. Ɗayanmu ya sayar da wayarsa, don babu idon da za mu kalli Umma da shi mu nemi ƙari. Sai dai gaskiyar dole ta ji ta, tunda ƙaryar ta riga ta ji. Ƙaraminmu ya shiga ɗakinta ya faɗa mata komai, mu muna tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Kun ba shi haƙuri?" Ya ce e. Ta ce, "A gaban mutanen da kuka zage shi?" Washegari da hantsi, lokacin da shagon ya fi cika, muka koma.

Asabar uku muka yi a garejin dattijon, shi yana zaune a kan benci yana ba da umarni, bai taɓa komai da hannunsa ba sai in mun kusa yin ɓarna. Asabar ta farko ba mu rufe ko ƙofa ɗaya ba. Muka ƙwaƙule silikon ɗin, muka bar ƙofofin a buɗe suka sha iska kwana biyu, sannan muka zura hannu ta ramukan da buroshin waya da samfefa muna kankare tsatsar da ta taru a gindin ƙofa, inda fatar waje ta naɗe ta ciki. Nan ne ƙofa ke fara mutuwa, daga ciki, sai ta ci ta cinye kafin ka ga fenti ya yi ƙuraje a waje. Bakin ramukan kaifi ne da shi, har yau da tabo a damatsanmu. Muka shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe, muka bi da maiƙo kaɗan. Da muka ce mun gama sai ya miƙo mana waya ya ce mu sake zura ta a ramukan ƙasa, don fentin da kansa yana iya toshe su. Biyu kuwa sun toshe.

Sannan kayan ciki. Gires a haƙoran injin ɗaga gilas, ɗigon mai a makulli, sabuwar robar bakin gilas daga Ƙofar Ruwa, wadda ya ce rage ruwa za ta yi ba hanawa ba. Ya sa muka ɗaga gilas muka sauke sau goma, muka kulle muka buɗe ta ciki da ta waje sau goma. Abin ya ishe mu, amma hujjarsa ba ta da amsa: duk abin da ba ka gwada ba yanzu, bayan ka rufe zai nuna halinsa.

Ledar ba a shagon kayan mota muka samo ta ba. Irin mai kaurin nan ce da magina ke shimfiɗawa kafin su zuba kankaren daɓe. Danƙon kuma butil ne, ana sayar da shi a naɗe kamar igiya da takarda a tsakani, wajen masu saka gilas da masu gyaran fitilar mota. Mun so mu yi wayo mu sa gam ɗin masu takalmi ko salatif, ya hana. Motar da ke wuni a ranar Kano, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen ƙofarta ba ya taɓuwa da tsakar rana. Gam bushewa yake ya tsattsage, salatif ya saki. Butil kuwa ba ya bushewa, yana nan da laushinsa, kuma ba sai an yi mana dogon bayani ba tunda ga na ƙofa ta huɗu yana kama yatsa bayan shekara arba'in.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne taswirar aikin tana jikin ƙofofin tun farko. Da muka fizge tsohuwar leda, danƙonta ya bar shati a jikin ƙarfen. Dattijon ya ce kafin mu goge mu bi shi da ido. A sama da gefe layin a miƙe yake, amma a ƙasa sai ya karkata, ya gangaro zuwa wuri mafi ƙasa, inda ƙarfen yake da 'yar kafa mai komawa cikin ƙofa. Dalili kuwa, ruwan da ya bugi leda gangarowa yake har ya tarar da layin danƙo. In layin a kwance yake, ko ya yi aljihu, nan ruwan zai zauna yana neman inda zai ɓulle, kuma zai samu. In kuwa a karkace yake, sai ya bi shi kamar kwata ya koma cikin ƙofa ya fita ta ƙasa. Inda babu kafa, leɓen ledar ake turawa cikin ramin da ya fi ƙasa, ya zama harshe mai mayar da ruwa ciki. Muka zana layin da maka a gefensa, sannan muka cire tsohon danƙon. Ga wata dabara da muka koya: da shi ake cire shi. Ka dunƙula ɗan kaɗan ka riƙa dangwalawa a kan sauran, yana tashi. Abin da ya rage a goge da tsumma da sifirit, wurin ya zama babu maiƙo ko ƙura, in ba haka ba sabon ba zai kama ba.

Da sassafe ake wannan aikin. Ranar farko mun makara, rana ta ɗaga, butil ɗin ya yi laushi yana zare kamar miyar karkashi, ya ɓata mana riga biyu. Daga nan muka koma ajiye shi a kular mai sayar da ruwan sanyi na bakin garejin, muna yanko daidai wanda za mu yi aiki da shi. A bi layi ba tare da an ja shi ya sirance ba, kuma inda bakinsa biyu za su haɗu a sa shi a sama, ba a ƙasa inda ruwa ke taruwa ba. A ɗora ledar daga sama zuwa ƙasa, kada a ja ta ta yi tauri kamar fatar kalangu, a bar mata ɗan sassauci don sandunan makulli su motsa. Inda ƙarfen hannun ɗaga gilas zai fito, ɗan tsaga ake yi da reza, ƙarami fiye da ƙarfen, a tura ya fito a matse. In dole ta sa an yi faci, na sama ya hau na ƙasa ta ɓangaren da ruwa ke bi, yadda ake jera kwanon rufi. Daga nan sai yatsa. A bi layin duka ana dannawa har danƙon ya nuna baƙi ƙirin ta cikin ledar. Duk inda ka ga ya yi fari-fari, bai kama ba.

Kowace ƙofa sai ta ci jarrabawar buta kafin a mayar da allo. Ɗaya na tsiyaya ruwa a kan gilas, ɗaya ya manna busasshiyar takardar jarida a ƙasan ledar ta ciki, ɗaya ya durƙusa yana kallon ramukan ƙasa. Ta direba da ta baya suka wuce a karon farko. Ta Umma sau biyu tana faɗuwa. Jaridar na jiƙewa a kusurwa ɗaya, mun duba mun duba ba mu ga komai ba, sai dattijon ya taso ya nuna mana da farce: ledar ta yi 'yar tattara, siririya kamar zare, ta ratsa danƙon ta zama bututu. Muka ɗaga wurin, muka miƙar, muka sake dannawa. A karo na uku jaridar ta fito a bushe. Babbanmu ya ninke ta ya sa a aljihu, bai ce me zai yi da ita ba.

Mayar da allunan bai ɗauki lokaci ba. Mai kushin ya shafa wa bayansu banish don ko danshi ya kai gare su kada su sha, shi ya kawo wannan shawarar ba mu ba. Aka sa sabbin kilif, aka fara saƙala bakin sama, aka leƙa aka tabbata kowane kilif ya daidaita da raminsa kafin a buga, kuma da tafin hannu ake bugawa, a kan kilif ɗin kawai. Dattijon ya dage sai hannun ɗaga gilas na dama da na hagu sun kalli wuri ɗaya in gilas na rufe, kuma inda ba za su bugi gwiwa ba. Mun ɗauka fi'ili ne, har sai da muka zauna a ciki muka ga yadda ido ke kama bambancin.

Da muka fito gwaji, muna hawa titi mai gargada sai ƙofar direba ta fara ƙwal, ƙwal. Muka koma muka ƙirga kayan aiki, babu sufana lamba 10. Dattijon ya yi dariyar da ba mu taɓa jin ya yi ba. Muka sauke allo, muka ɗaga gefen ledar a hankali, danƙon ya saki bai yaga ta ba, muka zaro sufanar, muka mayar muka danna ya kama kamar ba a taɓa ba. Da gam muka sa da sai an sake leda. Duk da haka sai da ya sa aka sake kawo buta.

Ranar kai amarya hadari ya haɗu tun la'asar, ana idar da magariba ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Aka fito da autar a lulluɓe tana kuka, gwaggonni biyu suka sa ta a tsakiya a kujerar baya, Umma ta tsaya daga cikin zaure kamar yadda uwa ke yi. Fijon Malam ta tashi a bugu ɗaya. Muka ratsa ruwan da ya kai rabin taya a wasu layukan, muka kai ta ɗakinta, gwaggonnin suka fito da leshinsu a bushe suna ta surutu, ba wadda ta san akwai abin dubawa.

Wajen goma na dare muka dawo, ruwa ya ɗauke. Muna fakawa a ƙarƙashin darbejiya, ba wanda ya ce wa wani komai, dukanmu muka durƙusa da fitilar waya muna leƙen ƙasan ƙofofi. Huɗun duka suna ɗiga, ɗis, ɗis. A haka Baffa ya fito daga zaure ya same mu. Ya ce ranar Asabar za a zauna a yi wa motar kuɗi, in muna son ta mu biya Umma da autar rabonsu. Muka ce mun ji, Baffa. Har ya juya sai ya tsaya, ya tattare babbar rigarsa ya sunkuya yana bin hasken fitilar da ido.

"Kai, yoyo take yi?"

"E, Baffa, yoyo take."

"To ku kai a toshe mana, kafin ta ruɓe."

Ƙaraminmu ya tashi ya shiga gida ɗauko buta.